Sallama Tara a Kwandon Sharar Sadisu

Ina kan keke ina ɗinkin wuyan wata riga, ranar Talata da hantsi, sai Ismail ƙanin matar Sadisu ya tsaya a ƙofar shagona ya yi sallama. Na amsa ban ɗaga kai ba. Ya tambaye ni kwana, ya tambaye ni aiki, ya tambayi yara da mai ɗakina, har ruwan da aka yi jiya bai bari ba. Sai da ya kai ƙarshen gaisuwar tas sannan na lura bai kashe babur ɗinsa ba, ga taɓo har gwiwar wandonsa. Na ɗauke ƙafa daga keken.

Ya ce, "Yaya Jabiru, sai haƙuri. Allah ya yi wa Yaya Sadisu rasuwa ɗazu a asibiti, a Kano."

Na yi salati. Na daɗe ina kallon bangon da ya raba shagona da nasa. Abin da ya fara zuwa raina kuwa, da kunya nake faɗa, shi ne da Sadisu na nan da ya duba agogonsa ya ce, "Daƙiƙa arba'in. Ka gani ko, Tela? Wannan mutum ne." Wanda bai san shi ba ba zai gane maganar nan ba. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

A Tarai aka haifi Sadisu, shi ne na shida a ɗakin mahaifiyarsa. Gidansu gidan noma ne, amma shi tun yana ƙarami aka gane fartanya ba ta son hannunsa. Idan aka ba shi kunya ɗaya ya nome, sai a same shi a gindin kuka ya kwance rediyon babansa yana neman mutumin da ke magana a ciki. Karatun allo a zauren Malam Sharu ya yi shi, safe da yamma, har ya sauke. Malam Sharu mutum ne mai kaifin harshe da taushin zuciya, yana karantarwa yana kuma noman masararsa da kansa. Rabin magidantan Tarai na yanzu ta gabansa suka wuce, har gobe idan ya yi gyaran murya sai ka ga masu furfura suna gyara zama.

Bayan sakandare a Rano, Sadisu ya yi shekara huɗu a Kano a wani shagon buga takardu. Can ya koyi kwamfuta, mafi yawa da kansa, ta hanyar ɓatawa da gyarawa. Da ya dawo ya kama shagon da ke jikin nawa. Shekara goma sha ɗaya muna shan wuta a janareta ɗaya. Yana ce mini Tela, ina ce masa Injiniya don tsokana, shi kuma ya karɓi sunan da gaske. Kwamfutarsa Hajiya yake kiranta. Idan ta yi nauyi sai in ji ta bango yana lallashi, "Haba Hajiya, mutane na jira." Aljihunsa ba ya rabuwa da soyayyar gyaɗa, maɓallan Hajiya kuwa duk gishiri. Matarsa Rahma ta sha cewa da za a girgiza kwamfutar nan da an samu abin yin ƙuli.

Akwai wata ƙungiyar manoma da ta haɗa mutanen Tarai da Kahu da wasu na cikin Rano. Suna da iri, suna da injinan feshi na goyo, da injin casa guda, da malamin gona mai suna Abdulganiyyu. Shugabansu Alhaji Kawu ne, dattijo mai son a yi komai da tsari muddin ba shi zai yi ba. Matsalarsu ita ce duk mai buƙata sai ya hau babur ya zo ofis, ko ya yi ta kiran waya, wanda ya ɗauka kuma ya manta. Sadisu ne ya ce zai buɗe musu shafi a intanet, da fom a ciki, kowa ya rubuta buƙatarsa daga inda yake, ta faɗa akwati ɗaya inda ba za ta ɓata ba. Aka raba adireshin shafin a wayoyin mutane. Fom ɗin bai da wani ado: gurbin suna, gurbin lambar waya, da babban fili an rubuta "Saƙo".

Ranar da saƙon farko ya shigo, Sadisu ya leƙo shagona yana rawa da kafaɗa. Bayan wata uku ya daina rawar.

Ashe akwai wasu na'urori a duniya da ba su da aiki sai yawo shafi-shafi, duk inda suka ga fom su cika shi da tarkace. Kullum da safe sai ya tarar da saƙo ɗari, wata rana ɗari biyu. Wannan na tallar agogo, wancan na cewa zai ɗaga shafin ya fi na kowa a duniya, wata kuma mijinta ya mutu ya bar mata dukiya ba ta san wanda za ta ba ba sai manoman Kahu. Sadisu ya sa musu suna shara.

Wata rana Alhaji Kawu ya zo ya ce a karanta masa, yana so ya ji abin da jama'a ke cewa. Sadisu ya fassara masa ɗaya.

"Ranka ya daɗe, wannan maganin rage ƙiba yake sayarwa."

"Rage ƙiba? Mu da muke nemanta ruwa a jallo? To ka ce masa mun gode, Allah ya kawo kasuwa."

"Alhaji, ba mutum ba ne."

"Ba mutum ba ne ya san sunan ƙungiyarmu? Kai dai ka amsa. Ba a san mu da wulaƙanta baƙo ba."

Don ya huta da magana, Sadisu ya amsa guda uku a gabansa. Washegari sharar ta ninka. Ya ce mini, "Tela, na ba su shayi, sun koma sun kira 'yan uwansu."

Sai ya fara neman magani. Da farko ya saka irin jarrabawar nan ta hotuna, wadda za a ce ka zaɓi duk inda ka ga danja ko famfon kashe gobara kafin a bar ka ka wuce. Sati guda ta yi. Wani manomin Kahu ya zo har shago da wayarsa a hannu yana huci, ya ce shi iri yake nema, ba lasisin tuƙi ba. Sadisu ya cire ta.

Daga nan ya zauna ya yi nazarin sharar. Ya lura da yawa daga ciki gajeru ne, kalma ɗaya ko biyu, ba su faɗi komai ba. Sai ya kafa wa Hajiya doka: duk saƙon da bai kai kalma goma ba, kuma bai ambaci iri ko feshi ko casa ko wani amfanin gona ba, ta wuce da shi kwandon shara kai tsaye, kada ma ya gan shi. Akwati ya yi sauƙi. Ya saya mini tsire ranar, ya ce in riƙa kiransa Babban Injiniya.

Damina ta yi tsakiya, masara ta kai ƙugu, sai ga Alhaji Kawu da sassafe, ko zama bai yi ba.

"Sadisu, me ka yi wa Malam Sharu?"

"Ni? Ranka ya daɗe, rabona da Malam tun bikin Sallah."

"To ya aiko a cire sunansa daga ƙungiya. Ɗalibansa kuma sun ji, mutum ashirin da shida sun ce inda Malam ya sa ƙafa nan za su sa. Na tambayi dalili, cewa ya yi ya zo ƙofarmu sau tara ba a kula shi ba. Na tambayi mai gadi, ya rantse ko inuwarsa bai gani ba. Ƙofa biyu gare mu, ta ofis da taka. Kwamiti zai zauna Asabar ta sama. In Malam bai dawo ba, za mu rufe abin nan naka, mu koma yadda muka saba."

Da Alhaji ya fita, Sadisu ya bincike akwatin saƙo daga sama har ƙasa, babu sunan Malam. Ya zauna yana tauna gyaɗa. Can sai taunar ta tsaya. Ya buɗe kwandon shara.

Ga su nan a jere, da lambar Malam. Ranar Litinin bayan asuba: "Assalamu alaikum." Bayan minti goma: "Assalamu alaikum wa rahmatullah." Bayan wasu goman: "Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu." Daga nan shiru. Talata haka, Laraba haka. Sau uku kullum, sannan ya juya, daidai yadda ya koya wa su Sadisu suna yara cewa idan ka yi sallama uku a ƙofar mutum ba a amsa ba, ka koma. Malam bai rubuta abin da ya kawo shi ba, domin ba a ce masa ya shigo ba tukuna.

Sadisu ya kira ni da wata irin murya, na bar ɗinki na zagayo. Muka ci gaba da gangarawa ƙasa. Ba Malam kaɗai ba ne. Mun ƙirga mutum arba'in da uku. "Salamu alaikum, ina kwana." "Sallama dai, ya damina?" Wata Saudat mai ƙuli daga Kahu ta yi sallama sau biyar cikin wata guda. Duk suna kwandon shara. Matar nan mai dukiyar miji kuwa, da yake wasiƙarta doguwa ce, tana zaune daram a akwatin manyan baƙi.

Sadisu ya dafe kai ya ce, "Tela, na sa mai gadi ya kori 'yan gida ya shimfiɗa wa ɓarayi darduma."

A babur ɗina muka tafi Tarai. Tun daga nesa Sadisu ya cire takalmi. Malam na zaune a zaure kan buzu, da tabarau a ƙarshen hanci, yana duba wani littafi. Sadisu ya durƙusa ya yi sallama.

"Wa alaikumus salam wa rahmatullah," in ji Malam, bai ɗago ba. "Ka ji yadda ake yi ko? Bai ɗauke ni kwana uku ba."

"Allah ya gafarta Malam, wallahi ban gani ba. Na'ura ce ta..."

"Na'urar ce ta yi karatu a zauren nan, ko kai?"

"Ni ne, Allah ya gafarta."

"To."

Sadisu ya yi ƙarfin hali ya ce, "Da Malam ya rubuta abin da yake so, da saƙon ya wuce."

Nan Malam ya ɗago ya cire tabarau. "Sadisu, shekarata saba'in da ɗaya. Ka taɓa jin na leƙa gidan mutum na ce 'feshi'? Haka kawai, kamar mai korar akuya?"

Ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba, sai na mayar da ita tari. Malam ya ce, "Jabiru, in mura ce ka fita waje."

Ya tashi ya kai mu gonarsa a bayan gari. Tsutsa ta shiga masarar, ganye duk huda, idan ka buɗe tsakiyar sai ka ga kashinta kamar dusa. Abin da ya kai shi ƙofar Sadisu ke nan. Wani tsohon ɗalibinsa ne ya saya masa wayar, ya kuma nuna masa shafin, ya ce aikin Sadisu ne. Da yatsa ɗaya yake rubutu, kowace sallama sai ta ci masa minti biyu. Ya ƙi kiran kowa a waya, don a ganinsa ya riga ya je inda aka ce a je.

Washegari da sassafe Sadisu ya taso Abdulganiyyu da injinan feshi biyu, shi da kansa ya goya ɗaya. Mutumin da bai taɓa gama kunya ɗaya ba a rayuwarsa, ranar ya zagaye gona guda. Kwana uku yana tafiya kamar tsoho, Rahma na gasa masa baya tana cewa, "Abban Sadiqa, ashe dai akwai manomi a gidan nan, ɓoyewa ake yi." Fiye da rabin masarar ta tsira.

Amma Malam bai mayar da sunansa ba. Ya ce, "Na gode da feshi, Allah ya yi albarka. Sai dai ba don masara na fita ba. Sauran mutum arba'in da biyun da ka ce an zuba a shara fa? Su ma gonakinsu za ka bi da goyo? Ƙofarka ce ba ta da tarbiyya."

Saura kwana biyar kwamiti ya zauna.

Ranar Litinin sai ga Sadisu ya jawo kujera cikin shagona ya zauna a lungu, da agogo a hannu da takarda a cinya. Na ce lafiya? Ya ce in yi aikina kawai. Duk wanda ya shigo, da ya yi sallama sai ya danna agogo, ba zai tsayar ba sai mutumin ya ambaci abin da ya kawo shi. Wuni biyu yana wannan. Mafi sauri shi ne wani ɗan acaɓa da wandonsa ya yage a wuri mara kyau, shi ma sai da ya yi daƙiƙa goma sha ɗaya. Alhaji Kawu ya yi minti huɗu da rabi, kuma har ya fita bai tuna abin da ya kawo shi ba. Daga nan Sadisu ya koma ya duba sharar. Na'urorin nan cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu suke cika fom gaba ɗaya su aika.

Ya buga bango ya ce, "Tela! Na kama su! Ba su iya gaisuwa ba!"

Sai ya rushe fom ɗin ya sake gina shi kamar gida. Yanzu idan ka buɗe, ba ka ganin gurbin komai, sai maɓalli ɗaya babba an rubuta "Salamu alaikum". Wannan ita ce ƙofa. Idan ka danna sai a amsa maka, zaure ya buɗe: sunanka, garinku, lambar waya, da ɗan fili na gaisuwa ga mai so. Sai ka gama wannan sannan a tambaye ka, "Me ke tafe da kai?" Ga amsoshi a jere da hotuna, saboda wanda karatun boko bai zauna masa ba: iri, feshi, casa, sayen amfanin gona. Wanda ya taɓa feshi, a tambaye shi wace shuka ce kuma me ya gani a jikinta, saƙon ya tafi wayar Abdulganiyyu kai tsaye. Wanda ya taɓa casa, a nuna masa ranakun da injin ba shi da aiki. Duk wanda ya ratsa daga ƙofa zuwa ƙarshe cikin abin da bai kai daƙiƙa biyar ba, Hajiya ta san ba ɗan Adam ba ne. Ya kuma ɓoye wani gurbi da idon mutum ba ya gani. Mutum zai wuce shi, na'ura kuwa saboda haɗama duk gurbin da ta samu sai ta cusa masa wani abu, nan take ta tona kanta. Tsohuwar dokar kalma goma ya goge ta, ya ce Allah ya raka taki gona.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci muka koma Tarai, da Hajiya a cikin jaka. Sadisu ya karɓi wayar Malam da hannu biyu ya buɗe shafin ya miƙa masa. Malam ya gyara tabarau, ya kalli maɓallin ya daɗe, sannan ya danna da bismillah. Nan take rubutu ya fito: "Wa alaikumus salam wa rahmatullah."

Sadisu ya washe baki yana kallona.

Malam ya ce, "Wa ya amsa?"

"Na'urar ce, Allah ya gafarta. Ko da tsakar rana ko da..."

"Cire."

Bakin Sadisu ya rufe a hankali.

"Sallama addu'a ce. Na yi maka addu'ar aminci, kai kuma ka sa ƙarfe ya mayar mini? Da can ba ka amsa ba, yanzu kuma ka yi hayar wanda zai yi ƙaryar ka amsa. Wanne ya fi muni?"

Gobe ne zaman kwamiti. Sadisu ya shiga murza yatsun ƙafarsa a kan tabarma, kamar yadda na tabbata yake yi yana ɗan shekara bakwai. Can ya ce, "Allah ya gafarta Malam, idan baƙo ya yi sallama maigida yana bayi, ya ake yi?"

"Wani daga ciki ya ce an ji, yana zuwa, a shigo zaure."

"Wannan ba ƙarya ba ce?"

"In dai zai fito, ba ƙarya ba ce."

Sadisu ya zaro Hajiya ya ɗora a cinya, nan kan tabarmar Malam. "Haba Hajiya, yau kada ki ba ni kunya." Malam ya kalle ni ya ce, "Da wa yake?" Na ce da kwamfutar. Ya ce, "Allah ya shirya." Bayan minti kaɗan aka sake miƙa masa wayar. Ya danna. Wannan karon abin da ya fito shi ne: "An ji sallamarka. Sadisu zai amsa da bakinsa kafin azahar. Bismillah, shigo zaure."

Malam ya karanta sau biyu yana bin rubutun da yatsa.

"Da bakinka?"

"Da bakina. In kira mutum, ko in aika masa murya."

"Kullum?"

"Kullum."

"Har ranar Sallah?"

"Har ranar Sallah, Allah ya gafarta."

Malam ya shiga zauren shafin, ya rubuta sunansa da yatsa ɗaya, muna zaune muna jira. Da ya iso wurin "Me ke tafe da kai?" sai ya tsaya. Ya duba iri, ya duba feshi, ya duba casa. Ya ce, "Wanda kuma ba abin da ya kawo shi fa? Dole sai da buƙata ake zuwa gidanku?" Sadisu ya sake jawo Hajiya. Aka ƙara na biyar: "Gaisuwa ce kawai." Shi Malam ya taɓa. Sannan ya ajiye wayar ya ce, "Ka ce wa Kawu ya mayar da sunana. Kuma a rubuta shi daidai, wancan karon har da kuskure."

A hanyar dawowa Sadisu waƙa ya riƙa yi a bayana, muryarsa kuwa Allah bai ba shi ba, har wasu Fulani masu kiwo suka tsaya suna kallonmu.

Ba a rufe shafin ba. Shara ta dawo uku ko huɗu a rana. Mutum arba'in da biyun nan ya bi su ɗaya bayan ɗaya a waya, ya amsa sallamarsu, ya ba su haƙuri. Saudat mai ƙuli ta ce masa, "Ai na ɗauka kun mutu ne." Gyaɗa take nema, aka haɗa ta da masu ita a Tarai. Da kaka ta yi, injin casa bai taɓa yin aiki da tsari irin na shekarar ba, har Alhaji Kawu yana faɗa wa mutane cewa shawararsa ce tun farko.

Tun daga ranar, kafin Sadisu ya karɓi aikin kowa da safe, sai ya zauna ya bi sallamomi. Ina jin sa ta bango. "Wa alaikumus salam, Baba, an tashi lafiya? Ya gona?" Wani lokaci goma, wani lokaci talatin. Na farko kuwa kullum na Malam Sharu ne, ƙarfe bakwai daidai, gaisuwa ce kawai. Da farko jarraba shi yake yi. Daga baya ina jin sabo ne ya kama su duka biyun. Sama da shekara guda, har da Sallah biyu da ranar sunan 'yarsa Huseina, bai taɓa barin azahar ta riske shi ba.

Ciwon ya daɗe yana cin sa yana ɓoyewa. Ƙafafunsa na kumbura ya ce zama ne, ya daina cin gyaɗa ya ce ya girma. Sai da Rahma ta haɗa shi da yayyensa sannan ya yarda a kai shi Kano. Kwana biyar ya yi a can. Shekararsa talatin da tara.

Malam Sharu ne ya yi masa salla a Tarai. Muryarsa ba ta yi rawa ba sai a kabbara ta huɗu. Washegari ƙarfe bakwai, ina zaune a shago ban iya taɓa keke ba, wayar da ke aljihuna ta yi ƙara. Na duba. Malam ne, gaisuwa ce kawai. Na kira shi na amsa. Ya ce, "Madalla, Jabiru," ya kashe. Har yau sunan Sadisu ne a rubuce a ƙofar shafin nan. Ban san yadda ake canzawa ba, kuma ban tambayi kowa ba tukuna.

Wayar nan ta Sadisu ce. Ranar Alhamis da za su tafi, mota na jira a bakin titi, ya shigo shagona yana jan ƙafa ya ajiye mini ita a kan keke.

"Tela, ga amana. Kullum da safe ka buɗe nan, ka ga wannan jerin? Ka kira su ka amsa."

"Injiniya, ni me na sani a feshi? In aka tambaye ni maganin tsutsa in ce me?"

"Wa ya ce ka san feshi? Wannan aikin Abdulganiyyu ne, Hajiya za ta kai masa. Kai dai sallama za ka amsa. Ko ita ma sai an koya maka?"

"To in na makara fa?"

"Malam zai zo har nan ya same ka. Ni dai ba ruwana, na faɗa maka."

Muka yi dariya. Ismail ya yi hon a waje. Ya juya zai fita, ya dafa ƙofa, ya waiwayo.

"Kafin azahar fa, Jabiru."

Na ce, "Na ji. Allah ya ba ka lafiya, sai ka dawo."

Ya ce, "Amin. Salamu alaikum."

Na ce, "Wa alaikumus salam."